Tsufan Aro a Jikin Jitar Bes

A watan Janairu na shekarar 1995, a wajen babban bajekolin kayan kiɗa da akan yi a garin Anahaim na jihar Kalifoniya ta Amurka, kamfanin Fender ya fito da waɗansu jitoci guda biyu waɗanda duk wanda ya dube su zai rantse sun shekara arba'in ana bugunsu. Fentinsu ya koɗe ya tsattsage, gefunansu sun gurje, ƙarafansu sun dusashe. Alhali kuwa sababbi ne fil, ba a taɓa hawa dandali da su ba. Mutum biyu ne suka yi wannan aiki, J. W. Black da Vince Cunetto, aka kuma raɗa wa samfurin suna Relic, wato abin da ya saura daga zamanin da ya wuce. Dillalai suka yi rububin sa, ba a jima ba aka shigar da jitar bes cikin tsarin, sauran kamfanoni da ƙananan maƙera su ma suka bi sahu. Ya zuwa yau tsufar da sabuwar jita da gangan ya zama sana'a mai zaman kanta, kuma mai saye yakan biya ƙarin kuɗi domin a gurje masa abin da bai riga ya taɓa ba.

Tun daga lokacin ake gardama tsakanin makaɗa. Waɗansu suna ganin abin yaudara ne, kamar soja ya rataya lambar yabon yaƙin da bai je ba. Waɗansu kuwa suna cewa ado ne kawai, bambancinsa da zaɓen launi bai taka kara ya karya ba. Wannan gardama ta son rai ce, ba ta da ranar ƙarewa. Amma akwai wata tambaya a ƙarƙashinta wadda ilmin kimiyya ke da ta cewa a kai, ita ce: yaya kamannin wannan tsufa na aro yake da tsufa na gaskiya? Ra'ayina shi ne, ba yawan tabo ne ke sa a gaskata tsufa ba, a'a, sai dai kowane tabo ya zamanto yana da dalilin da ya haife shi, kuma dalilan su yarda da juna. Inda aka sami tabo babu sanadi, nan asiri ke tonuwa. Sa'an nan kuma, tun da gwanayen wannan sana'a sun fara koyon dalilan, ido kaɗai ya kusa daina wadatarwa, kuma a nan ne maganar take shafar aljihun mutane.

Bari mu fara da ita kanta jitar, domin mai karatun da bai saba da ita ba. Bes ita ce jita mai kaurin murya wadda ke riƙe ƙasan kiɗa tare da ganga. Leo Fender ne ya fito da samfurin Precision a 1951, sa'an nan Jazz a 1960, kuma waɗannan biyu su ne aka fi kwaikwayon tsufansu har gobe. Tsirkiya huɗu gare ta, ta ƙarfe, tsawon kowace inci 34 daga inda take hawa zuwa inda take sauka, mafi kauri kuma tana kaɗawa kimanin sau 41 a cikin daƙiƙa ɗaya. Gangar jikinta katako ne tsintsa, babu rami irin na garaya ko molo, wuyanta kuma an ɗaure shi da gangar jikin da sukurori huɗu. Mai karatu ya riƙe maganar sukurorin nan huɗu, za mu komo kanta.

Abin da ke tsufa a idon mai kallo shi ne fenti. A shekarun 1950 da farkon 1960 fentin da ake fesa wa waɗannan jitoci na naitiroselulos ne. Asalin wannan sinadari auduga ce da aka jiƙa da asid iri biyu, na naitirik da na salfiyurik, kuma wani masani a birnin Basel na Siwizalan, Christian Schönbein, shi ya shahara da haɗa shi a 1846. Idan sinadarin naitirojin ya yi yawa a cikinsa abin fashewa ne, idan aka rage sai ya narke a cikin tina ya zama fenti mai saurin bushewa. Kamfanin DuPont ya sayar da shi ga masu ƙera motoci a shekarun 1920 da sunan Duco, kuma launuka da dama na jitocin Fender daga kundin fentin motoci aka ɗauko su. Halinsa shi ne, ba ya ƙulluwa ya zama dunƙule ɗaya, tinar ce kawai ke tashi ta bar shi. Saboda haka bai taɓa gama bushewa ba. Shekara da shekaru yana ci gaba da tsukewa, yana sirancewa, sinadaran da aka zuba masa domin ya yi laushi suna ficewa a hankali, har ya wayi gari ya yi gautsi kamar ɓawon ƙwai. A watan Janairun 1965 kamfanin CBS ya sayi Fender a kan dala miliyan 13, kuma kafin ƙarshen shekarun 1960 aka koma ga fenti mai kauri na foliyesta da danginsa, wanda ƙwayoyinsa ke sarƙewa da juna su zama sulke. Irin wannan fenti ba ya cinyewa a hankali, sai dai ya ɓantare idan ya sha dūka. Wannan kaɗai ya isa ya nuna dalilin da ya sa mutumin da ya ɗauki samfefa ya hau kan sabuwar jita mai fentin foliyesta ba ya taɓa samun abin da yake nema. Yana neman ya tilasta wa wani sinadari halin wani ne.

Launi shi ne abu na farko da ido ke kamawa. A saman fentin launi akwai wani shafe garai kamar gilashi, kuma shi ne hasken rana ke ci. A cikin hasken rana akwai wani kashi da ido ba ya gani, wanda masana ke kira altarabayolet, shi ne ke kakkarya ƙwayoyin shafen har ya koma ruwan ɗorawa. Hayaƙin taba na gidajen rawa ya ƙara nasa. To duk wanda ya taɓa gauraya launi ya san shuɗi da ɗorawa kore suke bayarwa, shi ya sa tsofaffin jitoci masu shuɗin fenti da yawa yau kore-kore suke, farare kuma sun koma launin man shanu. Jan da ke cikin fentin nan mai launi uku, baƙi da ja da ɗorawa, na ƙarshen shekarun 1950, shi kuma gudu yake yi daga rana, har a sami jitar da janta ya ɓace sarai. Abin lura a nan shi ne, rana ba ta shiga ko'ina. Idan aka kwance faifan robar da ke rufe fuskar jitar, ko murfin ƙarfen da akan ɗora a kan jakin tsirkiya, za a tarar da launi na asali a ƙarƙashi yana nan da ƙarfinsa, da iyaka tsaf tsakaninsa da inda ya koɗe. Mai tsufarwa kuwa yakan zuba ɗan rini ne a cikin shafen ya fesa gaba ɗaya, sai ɗorawar ta game har wuraren da rana ba ta taɓa gani ba. Gwanaye sun gane wannan, suna rufe wuraren kafin su fesa, amma fa wannan aiki ne mai cin lokaci, ba kowane farashi ke ɗaukar sa ba.

Sai maganar tsaga, wadda a ganina nan ne kimiyyar ta fi daɗi, nan ne kuma aka fi yin kuskure. Tsohon fentin naitiro yakan cika da siraran layuka kamar gashi. Abin da ke kawo su shi ne fenti da katako ba sa motsi tare. Katako yana shan laima yana kumbura, yana bushewa yana tsukewa, kuma ba mai buƙatar a yi masa dogon bayani a ƙasar da ƙofar katako ke cijewa da damina ta saki da hunturu. Amma motsin ba ɗaya ba ne ta kowace fuska. Daga ɗanye zuwa busasshe, katako yakan tsuke da kashi 4 zuwa 10 cikin 100 ta faɗinsa, ta tsawon jijiyarsa kuwa abin bai fi kashi ɗaya ko biyu cikin 1,000 ba. Saboda haka idan laima ta kumbura katako, ta faɗi yake jan fentin, sai fentin ya dare, tsagar ta bi tsawon jijiya. Sanyi kuwa wani lissafin ne daban. Idan jita ta kwana a cikin mota a tsakiyar ƙanƙara, fentin yana son ya tsuke ta kowace fuska, katakon kuwa ta tsawonsa kusan ba ya motsi, sai ya riƙe fentin ya hana shi, har ya tsinke, tsagar ta ratsa jijiyar a gicciye. Wato alkiblar da tsaga ta bi tana ba da labarin abin da ya haife ta.

Akwai kuma ƙa'idar haɗuwar tsaga da tsaga, wadda duk wanda ya taɓa tsayawa bakin tafkin da ya ƙafe ya ga yadda laka ta dare ya riga ya gan ta, ko da bai lura ba. Tsagar da ta fara fitowa ta riga ta sauke jan da ke gicciye da ita, abin da ya rage shi ne jan da ke bin tsawonta. Ita kuwa tsaga kullum gicciye da ja take tafiya. Don haka idan sabuwa ta doso tsohuwa, sai ta karkata ta same ta a kusurwa mai digiri 90, kuma a nan take tsayawa, ba ta tsallakewa. Har ila yau tsaga ba ta farawa haka kawai a fili, takan taso ne daga inda fenti ya riga ya yi rauni, kamar bakin ramin sukuru ko wurin da wani abu ya taɓa bugu.

Yanzu a auna wannan da dabarun masu tsufarwa. Dabara ta farko ita ce reza, a zauna a zana layukan ɗaya bayan ɗaya. Tom Murphy, wanda ya yi suna wajen tsufar da jitocin Gibson, da reza ya yi shekaru yana aikinsa, kuma hannunsa ya kai inda ake biyan kuɗi mai yawa dominsa. Amma reza yanka take yi, tana ture fenti gefe da gefe ta bar kwari mai baki, alhali tsaga ta gaskiya rabuwa ce kawai, ba abin da aka ture. Madubin ƙara girma na mai gyaran agogo ya isa ya nuna bambancin. Hannun da bai ƙware ba kuma yakan bar layi ya tsallake layi, ko ya jera su da tazara ɗaya kamar kunyar gona. Dabara ta biyu ita ce a ɗumama jitar sa'an nan a jefa ta cikin firiza, ko a fesa mata iska mai tsananin sanyi daga gwangwani. Wannan tsaga ce ta haƙiƙa, ta bi duk ƙa'idojin da muka ambata, sai dai a cikin 'yan daƙiƙoƙi aka haife ta gaba ɗaya. Fesawar gwangwani takan bar ƙananan tsagu masu lanƙwasa a cunkushe kamar saƙar gizo daidai inda sanyin ya sauka. Kuma dukkansu sa'annin juna ne. A tsohuwar jita kuwa akwai tsagar da ta shekara hamsin tana shan datti da gumi har ta yi baƙi, kusa da ita akwai ta bara wadda ke nan fes.

Wannan batu na dattin cikin tsaga ya taɓa shiga kotu. Han van Meegeren, mai zane ɗan ƙasar Holan, ya yi shekaru yana zana hotuna yana sayarwa da sunan Vermeer wanda ya mutu tun 1675. Yakan gauraya fentinsa da wani ƙaro na zamani, ya gasa hoton a tanda har ya taurare, ya naɗe shi a jikin gora ya tsattsage, sa'an nan ya cika tsagun da tawada domin su yi kama da ƙurar ƙarni uku. Ya ruɗi manyan masana, har ɗaya daga cikin hotunan ya kai hannun Hermann Göring. A shari'ar da aka yi masa a 1947, kwamitin masana ƙarƙashin Paul Coremans ya nuna cewa ƙaron bai wanzu ba a zamanin Vermeer, kuma baƙin da ke cikin tsagun abu ɗaya ne da aka zuba a ruwa-ruwa, ba tarin ƙurar da ta taru a hankali ba. Mai goga ruwan shayi ko man takalmi a cikin tsagun jita irin wannan sawun yake bari.

A nan akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. Tsufan da kamfanonin nan ke kwaikwayo tsufan wuri ɗaya ne, wato arewacin Amurka da Turai, inda kayan kiɗa ke fita daga ƙanƙara su shiga ɗaki mai zafi da hayaƙi. Jitar da ta yi rayuwarta a Kano ba haka za ta tsufa ba. Ba ta san ƙanƙara ba, amma ta san laimar iska da ke haura kashi 70 cikin 100 a watan Agusta ta kuma faɗo ƙasa da 20 da hunturu, ta san rana mai ƙarfi da ƙura mai laushi da ke shiga kowace kafa. Idan aka ce tsufan aro ya yi kama da gaskiya, sai a tambaya, gaskiyar ina?

Abu na uku shi ne gurjewar da jikin makaɗi ke yi, kuma a nan ne bes ta bambanta da ƙaramar jita. Damtsen hannun dama yana goga kafaɗar gangar jikin ta sama. Kan bel yana cin bayanta. Mai bugu da yatsu yana buƙatar inda zai jingina babban yatsa, yawanci saman maganaɗisun da ke ɗaukar sauti, sai wurin ya cinye. Bayan wuya kuma ya fi cinyewa ta kusa da kai, domin mai bes a ƙananan muryoyi ya fi zama. Fata da tufafi ba sa karce fenti, sulɓe shi suke yi, sai ka ga shafen sama ya tafi a hankali, launi ya biyo, farin ƙasa ya leƙo, daga bisani katako ya bayyana, kowane mataki ya narke cikin na gaba, katakon kuma ya yi toka-toka da sheƙi saboda maiƙon jiki. Samfefa kuwa tana barin ƙananan layuka masu bin hanya ɗaya. Haka ma ƙarfe: gishirin gumi yana cin sukurorin jaki ta gefen da hannu ke kwanciya ya bar ɗaya gefen, amma turirin asid da akan turara ƙarafan da shi ba ya zaɓe, har ƙarƙashin da hannu ba ya kaiwa sai ya yi tsatsa. A 2009 Fender ya fito da samfurin Road Worn daga masana'antarsa ta Meziko, mai rangwamen farashi, kuma abin da masu saye suka fara lura da shi shi ne idan aka jera guda uku a kanti, tabonsu kusan wuri ɗaya yake, kamar makaɗi ɗaya ne ya yi rayuwa uku.

Kowane makaɗi kuwa da irin sawunsa. James Jamerson, wanda bes ɗinsa ke ƙarƙashin dimbin waƙoƙin kamfanin Motown na Ditiroit, da yatsa ɗaya yake bugu, bai cire murafen ƙarfen da yawancin makaɗa ke cirewa ba, kuma an san shi da ƙin goge wuyan jitarsa. Wannan jita, Precision ce ta 1962, an sace ta dab da rasuwarsa a 1983. Jaco Pastorius kuma ya ɗauki Jazz ta 1962 ya ɓamɓare ƙarafan da ke gicciye a wuyanta, ya cike gurabensu, ya shafe da ƙaron da ake shafa wa jirgin ruwa. Fender yana ƙera kwafin wannan jita da dukkan tabonta, kowane a inda hotuna suka nuna shi. Abin mamaki shi ne ita ainihin jitar ba ta da wannan kama yau. A tsakiyar shekarun 1980 ta farfashe, masu gyara suka harhaɗa ta suka lulluɓe gabanta da bayanta da sabon siririn katako, aka sace ta a 1986, Pastorius ya rasu a 1987, sai bayan kimanin shekara ashirin ta sake ɓulla a Niyok. Ke nan kwafin ya fi ta kama da kanta. Abin da aka kwafa hoton rana ɗaya ne daga rayuwar da ba ta tsaya ba.

Game da iƙirarin cewa tsufarwa tana gyara sauti, ba zan daɗe a kai ba. Ana cewa siririn fenti yana barin katako ya yi numfashi. Katakon da aka sare aka busar ba ya numfashi, kuma tun farkon shekarun 1960 Fender kan fara shafe gangar jikin da wani tauri mai toshe kafofi kafin a fesa launi. Sautin bes kuwa daga tsirkiyar ƙarfe yake fitowa, tana kaɗawa a gaban maganaɗisun da aka naɗe da waya, ta haifar da lantarki bisa ƙa'idar da Michael Faraday ya gano a 1831. Wuya da gangar jiki suna da ɗan tasiri a kan yadda murya ke daɗewa kafin ta mutu, amma karce a fenti ba shi da rabo a ciki. Ko a gogen Turawa, inda katako shi ne komai, binciken da Claudia Fritz da abokan aikinta suka wallafa a 2012 da 2014 ya nuna cewa ƙwararrun makaɗa da aka tare musu gani ba su iya rarrabe tsofaffin gogunan Italiya da sababbi ba, kuma a gwaji na biyu shida daga cikin goma sabo suka zaɓa. Abin da ke da tushe shi ne daɗin riƙo. Wuyan da aka rage wa fenti ba ya manne wa tafin hannu idan gumi ya zo, gefen da aka sulɓe ba ya cizon yatsa, kuma mai jitar da ta riga ta sha tabo ba ya kwana da fargabar karcen farko. Waɗannan dalilai ne na hankali, duk wanda ya saya dominsu ba wanda zai ce ya yi wauta.

Ban ga laifi ba a sana'ar kanta, kuma ba sabuwa ba ce. Jean-Baptiste Vuillaume, wanda ya rasu a Faris a 1875, ya ƙera kwafin gogunan Stradivari da Guarneri har da koɗewar shafensu, yana kuma sa takardar sunansa a ciki. Sha'awar abin da ya sha hannu ma ba ta tsaya kan kayan kiɗa ba. Christopher Steiner, a littafin da ya wallafa a 1994 kan cinikin kayan sassaƙa a Abijan, inda fatake Hausawa ke da babban kaso, ya bayyana yadda akan tsufar da sabon sassaƙe da hayaƙi da makamantansa domin mai saye Bature ba ya son abin da bai nuna alamar an yi amfani da shi ba. A can an kira abin jabu, a Kalifoniya an kira shi gwaninta, alhali hannun abu ɗaya yake yi. Bambancin da ke akwai na gaske guda ɗaya ne: ko an gaya wa mai saye, ko ba a gaya masa ba.

To a nan ne nake ganin masu wannan sana'a ba su sauke nauyin da ke kansu ba. Bes ɗin Fender ta kafin 1965 farashinta yakan haura dala 10,000, waɗansu ma ninkin-ba-ninkin haka, alhali wadda aka tsufar a masana'anta 'yan dubbai ce. Wannan tazara ita ce ke kiran mugu. Gaskiya ne Fender yana buga tambarinsa a bayan kan jitar, da lamba a faifan ƙarfen wuya, da takardar shaida. Amma tambarin samfefa na cire shi cikin minti kaɗan, takarda tana ɓacewa, faifan kuwa sukurorin nan huɗu ne ke riƙe da shi. Ƙananan maƙera da yawa ma ba sa sa komai, waɗansu har tambarin Fender na da suke mannawa. A kasuwar gogen Turai, cire takardar maƙeri a liƙa ta wani mai suna tsohuwar cuta ce, babu kuma dalilin da zai sa a zaci kasuwar bes za ta tsira.

Daɗin daɗawa, gwaninta tana ƙaruwa, lokaci kuma yana taya ta. A 2021 Gibson ya buɗe sashen da ya sa wa sunan Murphy, da matakan tsufa huɗu da fentin da aka haɗa domin ya tsage da kansa, ba da reza ba. Su kuma jitocin Relic na farko sun haura shekara 30 yanzu, wato sun kai shekarun da jitocin shekarun 1960 suke da su a ranar da aka fara kwaikwayonsu. Tsufa na gaskiya ya hau kan na aro: rana ta ci rinin da aka fesa, sababbin tsagu sun taso sun haɗu da na firiza a kusurwar da ta dace, gumin mutum na gaske ya shiga inda aka goga shayi. Alamomin da muka lissafa a sama suna dusashewa ɗaya bayan ɗaya. Dillalai suna dogara da fitilar altarabayolet, wadda tsohon naitiro ke ƙyalli a ƙarƙashinta sabon faci kuma ya fito duhu, amma naitiro mai shekara 30 shi ma ya fara ƙyalli.

Abin da ya kamata shi ne duk mai tsufar da jita, babba ne ko ƙarami, ya ƙona sunansa da shekara a cikin katakon kansa, a gurbin da wuya ke zama da kuma ƙarƙashin faifan fuska, da zurfin da ba za a kankare ba sai an bar rami. Wannan ba ya rage wa mai saye komai, domin a dandali ba wanda zai gani. Kafin a kai ga haka, mai niyyar biyan kuɗin tsohuwar bes ba shi da zaɓi sai ya sa a kwance ta. Ma'aikatan Fender na da sukan rubuta ko su buga kwanan wata a gindin wuya, kuma maƙunsan ƙara sauti na ciki suna ɗauke da lambar kamfanin da ya yi su, 304 ta Stackpole ko 137 ta CTS, tare da shekara da mako. Sai ya duba ko dalmar da ke haɗa wayoyin an taɓa narka ta. Duk da haka ya sani cewa waɗannan sassa ana sayar da su ɗai-ɗai, kuma Leo Fender da gangan ya tsara jitarsa yadda za a iya sauya wuya cikin minti goma, saboda haka wuyan 1962 na gaskiya yana iya zama a kan gangar jikin da aka fesa wa fenti bara.